Gwajin tuƙi ba shaida: a sa kyamara mu ga abin da ake yi

Mutum biyu ne a cikin mota ranar gwajin tuƙi, mai neman lasin da mai gwada shi. Ba na uku. Abin da mai gwajin ya rubuta a takarda shi ke nan, ko ka ci ko ka faɗi, ba mai tambayarsa dalili, kai kuma ba ka da inda za ka kai kuka. Haba jama'a! A zamanin da mai sayar da rake a Ƙofar Ƙaura ke riƙe da wayar da ke ɗaukar bidiyo, a ce takardar da ke ba mutum izinin ɗaukar bayin Allah a mota a kan titi ana yanke hukuncinta a ɓoye?

Koyar da tuƙi ne abincina a nan Katsina, don haka ba labarin majalisa nake ba ku ba. A rubuce, tsarin ba shi da laifi. Sai ka cika shekara 18, ka shiga makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, ka yi darasi 26, a ba ka takardar shaida. Daga nan a gwada ka, ka biya kuɗi ga hukumar tara haraji ta jiha, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a ba ka lasin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko na 5. Kowane mataki yana barin sawu a kwamfuta. Biyan kuɗi yana da rasit, hoto yana nan, yatsu suna nan. Mataki ɗaya tak ne ba ya barin komai sai sa hannun mutum guda, kuma shi ne matakin da duk sauran suke dominsa: shin wannan mutumin ya iya tuƙi ko bai iya ba?

To, a wannan kafar ɓarna take shiga, kuma ta hanya biyu.

Ta farko kowa ya san ta, har an daina jin kunyarta. Mutum ya kira dillali, ya tura masa hoto da kuɗi, ya koma ya kwanta. Bai taɓa sitiyari a gaban kowa ba. Wani ma bai san bambancin kuloci da birki ba sai ranar da ya taka totur a shataletale. In ka ce masa ya zo ya koya, dariya zai yi maka: "Malam, ai na riga na yi lasin." Ya yi lasin! Shi ne gobe za ka gani ya cika mota da mata da yara ya kama hanyar Mashi zuwa Daura, ko ya shiga cunkoson ranar kasuwar Mai'adua yana wuce tirela a kan kwana. In abin ya faru mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu, amma wanda ya sa hannu a kan cewa ya ga tuƙin da bai gani ba, shi ma yana da amsar da zai bayar, in ba a nan ba a can.

Ta biyu ita ta fi ƙona mini rai, don a kan idona take faruwa. Yaro ya zo ya yi haƙuri, ya koyi ribas har ya daina leƙa kai ta taga, ya iya tashi a kan gangara mota ba ta koma baya ba, ya san duba madubi kafin ya ba da sigina, ya san wa ke da hanya a shataletale. Ya je gwaji ya dawo a sanyaye. Ka tambaye shi me ya faru, ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce, "Yallaɓai, a ina na yi kuskure?" aka ce masa, "Je ka ƙara koyo." Ko fita daga harabar bai yi ba wani ya tare shi a gindin bishiya: "Ƙanena, me ya yi zafi? Kawo wani abu a gyara maka." Ku gaya mini darasin da wannan yaron ya ɗauka ya tafi da shi gida. Duk abin da na koya masa na bin doka an rushe shi cikin minti kaɗan, kuma zai gaya wa abokansa kada su ɓata kuɗinsu a makaranta.

Wataƙila ma da gaske ya yi kuskure. Wataƙila ya taka layi, ko mota ta mutu masa don tsoro. Ni da ba na wurin ba zan rantse ba. Amma ai nan ne matsalar take: ba wanda zai iya rantsewa. Akwai jami'ai masu tsoron Allah da suke kayar da mutum a kan gaskiya, su ma zagi suke sha, ana cewa na goro suke nema. Bidiyo zai wanke su kafin ya wanke kowa. Wanda zai ƙi shi, mun san dalilinsa: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da nake nema ba wani abu ne daga sama ba. Kyamara ɗaya ta kalli direba da mai gwaji, da murya, ɗaya ta kalli titi. Kafin a tada mota mai neman lasin ya kalli kyamara ya faɗi sunansa, don kada a turo ƙwararren direban tasha ya yi wa wani. Bidiyon ya hau kwamfuta a ƙarƙashin lambar takardar mutum, a kuma saita ta yadda in ba bidiyo ba za ta yarda a wuce zuwa ɗaukar hoto ba, kamar dai yadda ba ta yarda in ba ka biya ba. Wanda aka kayar a nuna masa minti kaza, ga inda ka ƙi duba madubi. In bai gamsu ba, wani jami'in da ba ya wurin ya sake kallo.

Kada wani ya ce mini ba a taɓa yi ba. JAMB, hukumar jarabawar shiga jami'a, ta koma jarabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma tana wajabta wa cibiyoyinta sa kyamara. Yaro mai neman gurbin karatu ana sa masa ido haka, amma mai neman hawa titi da tan guda na ƙarfe a bar shi da amanar mutum ɗaya? A Delhi ta Indiya akwai filayen gwajin da kyamarori da na'urori ke auna tuƙin mutum. A ƙasar Sin ma na'ura ce ke ƙirga kuskure a gwajin fili. Mu da Jami'ar Sufuri ta Tarayya take a Daura, wace jiha ce ta fi mu cancantar fara wannan?

Na san uzurin da za a kawo: ba kuɗi, ba wuta, ba intanet. Kyamarar mota da batirin motar take aiki, ba ruwanta da wutar gari, kuma kuɗinta bai kai na tayoyi biyu masu kyau ba. Ranar da aka ce ta lalace, to ranar ba gwaji, a sa wa mutane wata rana ba tare da sun ƙara ko kwabo ba. In aka bar ƙofar "yau kyamara ba ta aiki", wallahi kullum a lalace za ta kwana.

Sai maganar mata, da ake yi kamar ba a gani. Mata da yawa suna koyon mota yanzu, malamai, ma'aikatan jinya, masu kai yara makaranta. Magidanta da dama ba sa sakin jiki a ce matarsu ta shiga mota ita kaɗai da namijin da ba su sani ba, shi ya sa wasu ke gwammacewa su bi ta hannun dillali. Kyamara za ta kwantar da hankalin kowa. Amma fa da sharaɗi, kuma 'yan majalisarmu na jiha su rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin doka: bidiyon na mai shi ne da masu bincike kaɗai, a ƙayyade tsawon lokacin ajiye shi, bayan nan a goge. Duk ma'aikacin da ya fitar da na matar wani ko 'yar wani ya kai TikTok don a yi dariyar yadda mota ta mutu mata, a kore shi daga aiki, a kuma gurfanar da shi gaban alƙali.