Bazden madam a tafkin Jeniba, ni aka yi wa wanka

Aiki ne ya kai ni Jeniba ta ƙasar Suwizalan, madam ta biyo ni, sai ga bazdenta ya faɗo ranar Lahadi muna can. Na ce mata ke dai ki shirya kawai, yau ba wahala ba hayaniya, bakin tafki za mu je mu zauna mu sha iska mu yanka kek, komai na hannuna. Ta kalle ni ta ce to Yallaɓai, Allah ya sa. Ni dai wannan "Allah ya sa" ɗin bai min daɗi ba amma na share.

Ashe mutanen nan ba sa wasa da Lahadi, kantuna duk a garƙame, na yi ta zagaye sai a tashar jirgin ƙasa ta Cornavin na samu inda ke buɗe. Wani ɗan kek ne da bai fi tafin hannu biyu ba, da na ga farashinsa a faran ɗinsu sai da na goge tabarau na sake dubawa, na biya ina murmushin dole. Na haɗa da kyandir da ashana, aka sa min a kwali.

Daga nan muka hau ƙananan jiragen ruwan nan masu launin rawaya da suke kira Mouettes, da katin sufuri da otal ke ba baƙi kyauta, wanda shi kaɗai ne abin da na samu kyauta a garin nan. Ruwa garau, duwatsu daga nesa, ni kuma na kwana ina karatu a intanet don haka baki ya buɗe. Na ce kin ga tafkin nan Suwizalan da Faransa ne suka raba shi, su Léman suke ce masa, kogin Rhône ta can gabas yake shiga ya zo ya fita ta nan Jeniba. Kin ga wancan ruwan da ke harbawa sama, Jet d'Eau kenan, mita 140 yake tashi, lita 500 duk daƙiƙa, gudun kilomita 200 a awa, kuma asalinsa a 1886 ba ado ba ne, hanyar rage ƙarfin ruwa ce a wata tashar injina, sai a 1891 aka dawo da shi cikin tafki. Madam ta ce Yallaɓai bazde muka zo ko lacca?

Akwai wata siririyar hanyar dutse da ta shiga cikin ruwa har kusa da gindin abin, na ce can za mu kunna kyandir a ɗauki hoto na tarihi. Ta ce takalminta ba zai iya ba, in yi gaba in duba mata wuri. Na wuce riƙe da kwali, na ga mutane duk sun tsaya a rabin hanya, a raina na ce matsorata. Wani dattijo ya min magana da Faransanci yana nuna sama da yatsa, na ce masa merci na ƙara gaba, don iyakar Faransancina kenan.

Jama'a, iska ce kawai ta juya. Ba guguwa ba, ɗan juyi kaɗan. Ruwan da na gama lissafa litocinsa ya sauko min a ka gaba ɗaya, sanyi kamar an fito da shi daga firiza, tabarau ba na gani, gudu ba dama don dutsen santsi, ga kwali ya fara narkewa a hannuna ina jin kek yana leƙowa ta ƙasa, haka na dawo ina taku ɗaiɗai na rungume shi a ƙirji, takalmi na cakal-cakal, dattijon nan ya matsa min hanya bai ce komai ba. Madam kuwa waya na sama, dariya har ta durƙusa.

Muka samu benci a gefen ruwa na ce ai bikin bai mutu ba. Ashana ta jiƙe sharkaf, ko ɗaya ta ƙi kamawa. Sai na kunna tocilan ɗin waya na riƙe a kan kek na ce hura, ta hura na kashe, wallahi dabara ce mai kyau ko ita ta yarda. Muna cikin haka sai ga ɗaya daga cikin manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya ta fito daga ruwa. A hoto ka ce salihar tsuntsuwa, amma da ta buɗe fuka-fuki tana huci ta miƙo wuya sai na tsinci kaina a bayan benci, wai ina neman sanda. Ta ɗebi rabonta ta gefen da ya jiƙe ta koma abinta.

Kafin mu isa otal bidiyo ya shiga guruf ɗin gidansu. Hajiya ta kira hankali a tashe wai an ce na faɗa kogi a ƙasar Turawa, na ce a'a Hajiya, ruwan ne ya faɗo min. Ƙannenta kuma sun yanko fuskata daidai lokacin da ruwa ya sauka sun yi sitika da ita, yanzu ko sallama na yi a guruf ɗin da ita ake amsa min.