Kun tsallake tsuntsayen kurmin Afirka

Sannunku da ƙoƙari, labarin da kuka rubuta kan tsuntsayen kurmi ya yi daɗi, amma kun tsaya kan tsuntsayen Amazon da Niyu Gini, kuka bar Afirka a baya. Ai akwai dawisun Kwango, wanda babu shi ko'ina sai a kurmin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma sai a 1936 masana suka bayyana shi. Ga kuma malimben Ibadan, ɗan tsuntsu baƙi mai jan kai, a kudu maso yammacin Najeriya kaɗai.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda Larabawa nan Jidda suke kira kasko. Asalinsa kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Maƙwabcinmu yana da ɗaya a keji bakin tagar kicin. Yana amsa sallama tiryan-tiryan, amma ya fige gashin ƙirjinsa har fata ta bayyana. Tsuntsun da ya saba shawagi cikin taron 'yan'uwansa! Wallahi ganinsa yana sa ni tausayi.

Tun 2017 aka hana cinikin irin wannan aku da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Don Allah ku yi mana rubutu na musamman a kan aku.