Sare Bishiyar da ta Kamu Ba Ya Tsayar da Cutar Bushewar Oak

A unguwannin bayan gari na Amurka, musamman a jihohin Texas da Minnesota, mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an sare bishiyar oak da ta kamu da cutar bushewa, sauran bishiyoyin unguwa sun tsira. Wannan kuskure ne, kuma yakan jawo asarar bishiyoyin da suka shekara ɗari suna ba da inuwa.

Naman gwari ne ke haddasa cutar, wanda aka fara bayyana shi a jihar Wisconsin a shekarar 1944, kuma yana toshe hanyoyin da ruwa ke bi a cikin itacen har ganyen ya yi ruwan ƙasa daga gefensa ya zube tun damina ba ta ƙare ba. Abin da ido ba ya gani shi ne, saiwoyin bishiyoyin da ke kusa da juna sukan haɗe a ƙarƙashin ƙasa, don haka ko an sare gangar jikin, cutar tana ci gaba da ratsawa zuwa gidan maƙwabci. Shi ya sa a Texas ake haƙa rami mai zurfin aƙalla ƙafa 4 domin a yanke saiwoyin.

Akwai kuma ƙananan ƙwari masu bin ruwan itace, waɗanda ke kai cutar kan sabon rauni, saboda haka a Texas ake ba da shawarar guje wa sassabe rassa daga Fabrairu zuwa Yuni, a kuma shafa fenti nan take a duk inda aka yanka.