Annobar da ake zuwa beli da daddare

Tun da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta nuna daba a fim a 2024, wasu a Gombe suka samu waƙar da ba sa gajiya da rerawa. Da an ji an sari yaro a Jekadafari ko an ƙwace waya a Bolari, sai layukan shirye-shiryen rediyo su cika da masu kira: annobar Kalare ('yan daban Gombe) ta dawo, TikTok ya zuba wa yaranmu guba, mu ma a bi sahun Kano. Mai gabatarwa ya ce "Allah ya kawo mana ƙarshen wannan annoba," kowa ya ce amin, a shiga talla.

Amin ɗin ba laifi. Kalmar annoba ce ke damuna, domin aiki take yi wa wasu mutane, kuma kyauta take yi musu. Annoba saukowa take yi. Ba ta da ubangida, ba ta karɓar kuɗin mai, ba ta san ranar zaɓen fid da gwani ba. Kwalara ba ta taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, balle wani mai babbar riga ya aiko da daddare a ce "Ranka ya daɗe, yaranmu ne, a yi haƙuri." Haka sauran 'yan uwanta: guguwa, wutar daji, ambaliya, ciwon daji. Dukkansu abubuwa ne da ba a kai su kotu, kuma ba a banza bakin manya ya fi sabawa da su ba.

Kada a ce wasa da kalmomi nake yi. A 2011, Paul Thibodeau da Lera Boroditsky na Jami'ar Stanford a Amurka sun ba mutane rahoto iri ɗaya kan ƙaruwar laifuka a wani gari na ƙirƙira, da alƙaluma iri ɗaya. Abin da suka canza kawai shi ne kwatance: ga wasu an ce laifi naman dawa ne da ke farautar garin, ga wasu an ce ƙwayar cuta ce da ta kama shi. Waɗanda aka ba naman dawa sun fi karkata ga kamu da ɗauri, waɗanda aka ba cuta suka fi neman a binciki tushe, a gyara ilimi da tattalin arziki. Da aka tambaye su me ya ja ra'ayinsu, akasari alƙaluman suka nuna. Ba su ma lura an ja su da kwatance ba. Mu a nan duka biyun muke amfani da su. Ranar fushi yaran dabbobi ne, a harbe su. Ranar sanyi cuta ce, a yi addu'a. A duka ranakun, wanda ya ba da kuɗin yana gida yana shan shayi.

Sai batun ɗora wa waya jakar tsaba. Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a 2007 kan siyasar daba a Najeriya ya ware wa Gombe sashe guda, inda ya kawo ƙiyasin cewa aƙalla mutum 115 ne suka mutu a rikicin Kalare tsakanin Disamba 2003 da Afrilu 2007, ya kuma danganta ƙungiyoyin kai tsaye da 'yan siyasa. A 2003 wayar salula ta GSM shekararta biyu kacal da shigowa Najeriya. Ba a buɗe Facebook ba sai 2004, TikTok kuwa sai bayan fiye da shekara goma. To wane allo ne ya koya wa yaran wancan zamani riƙon gora da barandami? Haka 'yan daban Sara-Suka a Bauchi, ba su jira intanet ba.

Gaskiya ne bidiyon yaro yana wasa da adda yana yi wa wata unguwa gori yakan isa cikin minti biyar, abin da a da sai ya kwana. Wannan saurin saƙo ne, ba tushen faɗa ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ranar gangamin siyasa ya ga tushen da idonsa. Tun hantsi motocin haya ke layi a gidan mai, an biya musu. Yara sun cika ciki, wasu a kan rufi, ido ja wur, gora a hannu, hoton ɗan takara a ƙirji. Can gefe wani "shugaban matasa" na tsaye da baƙar leda yana ƙirga wa kowane shugaban daba kason yaransa. Babu wanda ke ɓoyewa. Mai shayin da ke wurin zai iya gaya maka sunan kowa da na wanda ya aiko da ledar. Amma washegari labarin da za ka karanta shi ne "wasu ɓata-gari da ba a san ko su wane ne ba." In ana neman tasirin kafafen yaɗa labarai kan ta'addancin cikin gari, ga shi nan a wannan jimlar, ba a fim ba. Ita ce ke mai da abin da unguwa ta sani ya zama gaibu.

Shi ya sa cikin duk kwatancen da ake yi, ɗaya kawai nake ganin yana da gaskiya, wanda talakawa suka daɗe suna faɗa: karnukan farautar 'yan siyasa. Kalma ce mai zafi ga yaran da su ma 'ya'yan wasu ne, amma aƙalla ta yarda akwai mafarauci. Ta kuma bayyana abin da annoba ba za ta iya bayyanawa ba, wato dalilin da ƙwacen waya ke ƙaruwa bayan an rantsar da masu nasara, lokacin da aka daina ciyarwa amma ba a karɓe makaman ba.

Gwamnatocin Gombe sun yi nasu. Ta Ibrahim Hassan Dankwambo ta horar da tubabbun 'yan Kalare ta ba su kakin kula da hanya da tsaftar gari. Ta Inuwa Yahaya ta kafa GOSTEC, rundunar tsaro, kula da hanya da tsaftar muhalli. An sha bikin tuba, an sha ɗaukar hoton adduna jibge a gaban kyamara. Tubabben ubangida ne har yau ba a nuna mana ba.

Jarida na iya canza abu idan ta bi igiya zuwa sama. A 2018 binciken BBC kan kodin bai tsaya kan yaran da ke layi a kwata ba, ya bi kwalbar har zuwa masu fitar da ita daga kamfani, kuma cikin kwanaki gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Doka ma ba ita ta yi ƙaranci ba: sashe na 227 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya ajiyewa, horarwa ko ɗaukar nauyin mutane don nuna ƙarfi a siyasa.

Kafin gangamin 2027 ya kankama, editocin Gombe da Bauchi su ajiye kalmar annoba ga sashen lafiya. Duk ranar da 'yan sanda suka jera yara a ƙasa gaban 'yan jarida, wani ya koma bayan mako guda ya duba nawa suka isa kotu, nawa aka sake, da sa hannun wa ke kan takardar beli, ya karanta mana a labaran ƙarfe bakwai.