Kafin ka karɓi amshi, san wanda ya biya mawaƙi

Ƙannena samari da 'yan matan Kano, maganata da ku kan waƙar siyasa ce. Daga Ƙofar Wambai har Kurna, kowace Adaidaita Sahu da tata waƙar, mu kuma bakinmu na bi, ba mu tsaya mun ji abin da muke faɗa ba.

Garin nan ba baƙon waƙar gwagwarmaya ba ne. Da aka kafa NEPU, jam'iyyar talakawa, a nan Kano a 1950, talaka bai karanta jarida, rediyo ma ba kowane gida ke da ita ba. Waƙa ce ta kai saƙo. Su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja su tsara baituka, a rera a wajen lacca, jama'a su karɓa gaba ɗaya, ɗan dako ya tafi da ita kasuwa, uwargida ta kai ta bakin turmi. Kuma ba zagin uban wani ake yi ba. Haraji ake magana, da jangali, da aikin tilas, da yadda 'yan dokan En'e (hukumar sarakuna ta lokacin) ke wulaƙanta mutane. An ɗaure 'yan NEPU da dama, amma kukan bai mutu ba, har Abubakar Rimi ya hau gwamna a jam'iyyar PRP a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano.

A waje ma haka abin yake. Mawaƙi Pete Seeger na Amurka, da kwamitin majalisar ƙasarsu ya kira shi a 1955 ya ƙi amsa tambayoyinsu kan siyasarsa, sai aka toshe masa talabijin shekara da shekaru. Ya koma yawon makarantu da ƙananan taruka, yana sa jama'a rerawa tare da shi. Mawaƙi Victor Jara na Chile sojoji suka kashe shi a 1973. Fela kuwa, a 1977 sojoji suka ƙone masa gida a Legas. Waɗannan sun biya kuɗin bakinsu da jikinsu.

To yau fa? Mawaƙi ya wanke ɗan takara tas a wannan zaɓe, zaɓe na gaba ya yi masa zambo har da iyalinsa, don wani ya ba da mota. Ban ce kada mawaƙi ya ci abinci ba, roƙo tsohuwar sana'a ce, Shata ma ya yi wa masu kuɗi waƙa. Amma a kira ta roƙo, kada a ce mana gwagwarmaya ce. Shi an sallame shi. Kai da ka ɗora a TikTok, ka ɓata da maƙwabcinka a kanta, me ka samu?

Don Allah in waƙa ta zo, saurari baitukan ba kiɗan kaɗai ba. Tana maganar ruwan famfo, da wuta, da ƙwacen waya, da asibiti, ko kuwa habaici ne kawai? Mai ita zai iya faɗa wa ubangidansa irin wannan gaskiyar? In ba zai iya ba, rufe bakinka, ka kuma hana yaran gidanku haddace zagin dattawa.

Masu baiwa a cikinku kuma, ba sai da situdiyo ba. Ku tsara baiti kan kwatar unguwarku da ta toshe, ku rera a majalisa da yamma, ku sa amshi mai sauƙi yadda har mai shayi zai iya karɓa.