Gadon fitilu mai duhunta fata ba shi da amfani marar haɗari

Na karanta wani labari da ke ba da shawarar sanya tabarau na musamman da taƙaita lokacin kwanciya a gadon fitilun da Turawa ke shiga don duhunta fatarsu, amma ina ganin an sassauta maganar fiye da kima. Tabarau yana kare ido ne kawai, alhali hasken altarabayolet (hasken da ke cikin zafin rana mai ƙona fata, wanda ido ba ya gani) da fitilun ke fitarwa yana ratsa fata yana lalata ƙwayoyinta, kuma duhun da ake nema shi kansa alama ce ta cewa fatar ta ji rauni. Tun a 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya waɗannan na'urori a rukunin farko na masu haddasa sankara, tare da taba sigari. A shekarar ce Barazil ta haramta su, Ostiraliya ta hana kasuwancinsu a 2015, Ingila kuma ta hana su ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda ɗan maƙwabcinmu a Tudun Wada, yaro zabiya, wanda ranar watan Maris ke ƙona wa kunnuwa da bayan wuya har su yi ɓawo, leɓɓansa su tsattsage. Hasken da mahaifiyarsa ke ɓoye shi daga gare shi da malafa da doguwar riga shi ne wasu ke biyan kuɗi su kwanta a ƙarƙashinsa. Ina roƙon ƴanmatanmu da ke karatu a Ingila da Amurka kada ƙawaye su ja su zuwa irin waɗannan shaguna.