Riba a harkar manhaja tana nan, amma ba a inda ake nuna wa yaranmu ba

Tallace-tallacen horo da suka cika Facebook da zaurukan WhatsApp na Yamai sun kai a tanka musu. Duk waƙarsu ɗaya ce: zo ka koyi haɗa manhajar salula cikin 'yan makonni, ka ɗora ta a Play Store, shagon manhajoji na Google, kuɗin Amurka su riƙa shigo maka kana barci. Iyaye na cire kuɗin cefane suna biya, ɗalibai na zuba kuɗin alawus ɗinsu, a ƙarshe a miƙa wa yaro takardar shaida a yi hoto. Wanda ya ci riba a cinikin nan shi ne mai horon, kuma ya san haka tun kafin ya buga tallar.

Masu tallar ba sa son a yi lissafi, to bari mu yi. Buɗe asusu a shagon Google dalar Amurka 25 ne sau ɗaya, wajen jika 15 ke nan. Na Apple dalar Amurka 99 ne duk shekara. Tun ƙarshen 2023 Google ya ɗora wa sababbin masu asusun kansu sharaɗin su samo mutum 20 da za su gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a bari ta fita kasuwa, daga baya aka rage adadin zuwa 12. A 2024 kuma ya shiga share manhajojin da ba su da wani aikin a zo a gani, wato irin waɗanda ake koya wa yaranmu haɗawa a mako biyu. In ka tsallake wannan duka har ka sayar da wani abu ta cikin manhajar, mai shago zai yanki kashi 15 cikin 100, daga manyan masu ciniki kuma kashi 30.

Sai dai ma wa zai saya? Mutumin kasuwar Katako ko ta Wadata a Yamai bai riƙe da katin banki na Visa. Saura kuɗin tallar da ake nunawa cikin manhaja ke nan, wanda a kansa aka gina duk romon bakan. Farashin talla kuwa yana bin aljihun mai kallo ne. Kamfanoni na rububin idon mutumin Amurka ko Faransa saboda yana da abin saye, idon ɗan Nijar kuwa arha yake a wannan kasuwa, ko mun ji daɗi ko ba mu ji ba. Google ba ya sakin ko tamma sai kuɗinka sun taru sun kai dalar Amurka 100. Ga shi salular talaka ƙarama ce, wuri ya cika da hotuna da saƙonnin murya, megas da tsada. Ranar da ta ƙi ɗaukar bidiyon biki, manhajarka ce ta farko da za a goge. Yaron da aka tura ya nemi abinci ta wannan hanya an ba shi kwando ne ya je ɗiban ruwa.

Akwai kuma masu cewa harkar ta mutu gaba ɗaya tunda tun fitowar ChatGPT a 2022 na'ura ke rubuta manhaja da kanta. Waɗannan ba su taɓa zama da ɗan kasuwa suna warware masa littafin bashi ba.

Kuɗin na nan a wurin mutanen da suka riga suna juya kuɗi. Ku duba manhajojin aika kuɗi na MyNita da AmanaTa. Ba wanda ya sauke su don sun yi kyau a ido. Kamfanonin Nita da Amana sun fara kafa rassa ne unguwa-unguwa, gari-gari, har ɗan cirani na Tawa da ke Abijan ya yarda cewa abin da ya aiko zai isa hannun mahaifiyarsa. Da amana ta kafu sai manhaja ta zo ta rage layi. Ribarsu daga kuɗin aike take, ba daga tallar da ke tsalle a allo ba. Haka M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta salula, ta fara a Kenya a 2007, a kan ƙananan salula masu maɓalli. A nan gida Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa, manomi ya kunna famfon gonarsa da salularsa, har ya ci kyautar kamfanin sadarwa na Orange a 2011. Abin da ya sayar shi ne sauƙin ban ruwa, kuma mai lambu ya san darajar wannan da kuɗi.

Irin wannan aiki ya yi yawa a ƙasar nan har ya rasa masu yi. Dillalin albasar Galmi da ke loda manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa yana riƙe da lissafin miliyoyi a littafi da ƙwaƙwalwa. Makarantu masu zaman kansu na bin iyaye bashin kuɗin wata da takarda. Mai kantin magani bai san abin da ya kusa lalacewa a kanta ba sai ya lalace. Tashoshin mota, masu sayar da gas, ƙungiyoyin mata masu adashi, kowannensu na asarar kuɗi a wani lungu da ƙaramar manhaja za ta toshe. Irin waɗannan za su biya duk wata, in har abin na aiki ba intanet, yana jure ɗaukewar wuta, yana magana da murya cikin Hausa da Zabarmanci, domin yawancin manyanmu ba su yi boko ba. Amma sai ka je shagon Alhaji ka zauna, ka sha shayi, ka jure ya ce maka ka dawo gobe, ka koya wa yaronsa yadda ake latsawa, ka ɗaga waya ranar da abin ya tsaya. Wannan wahala ce masu horo ke ɓoyewa, saboda ba ta sayuwa a allon talla.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda wasu masu faɗa a ji ke taya su kiɗa. A shirya gasa a otal, a raba kofi da ƙaton allon ceki, manhajar da ta zo ta ɗaya ta ɓace bayan wata shida ba wanda ya tambaya. Ma'aikatu kuwa in za su sayi manhaja sai su tsallake iyaka, ɗan gida kuma in ya samu ƙaramar kwangila ya shekara yana zarya kan kuɗinsa. Ana kashe sana'a ta haka, sannan a hau mumbari ana kukan matasa ba su da himma.

Cibiyoyi irin su CIPMEN mai rainon ƙananan kamfanoni da ANSI, hukumar gwamnati mai kula da fasahar zamani, su daina auna nasara da yawan waɗanda aka horar, su fara tambayar mutum nawa ne ke biyan kuɗin manhajar da aka haɗa. Gwamnati ta ware wa 'yan ƙasa wani kaso na kwangilolinta, ta kuma biya a kan lokaci. Kamfanonin aika kuɗi su sauƙaƙa wa ƙananan masu manhaja hanyar karɓar biya ta tsarinsu. Duk uban da aka zo wa da takardar horo kuma ya nemi mai horon ya nuna masa manhaja ɗaya tasa da ke ciyar da shi kafin ya zaro ko jika guda.